Rajistar Mai Haƙuri

Lahadi, 3 ga Agusta, 2025

Maigida lafiya, sai gwiwar da ke tashi idan hadari ya haɗu. Lukuman lafiya, yana garejinsa. Autata Ruka mura, ta ƙi shan magani. Akuya ta haifi biyu, ɗaya bai miƙe ba tukuna. Ni lafiya, in ban da zuciyar nan da ba ta zama wuri ɗaya.

Babba kuma ban san a layin da zan sa ta ba, na masu lafiya ko na marasa. Cikinta wata shida.

Malama Shamsiyya ta ajin manya ce ta ce mu riƙa rubuta abin da ya faru don hannu ya saba, ta ce ba za ta duba ba. Shekarata arba'in da takwas, shekara biyu ke nan da na fara riƙe biro. Har yanzu in na rubuta abu na dawo washegari na same shi yana nan yadda na bar shi, sai in ji wani iri. Magana ta kwana ba ta canza ba.

Babba ba sunanta ba ne. 'Yar fari ce, tun ranar suna bakina bai taɓa kama sunan ba, kamar yadda Inna ba ta taɓa kiran na Yayarmu ba. Shi ya sa unguwa ke ce min Maman Lukuman, alhali shi ne na biyu. A nan ma Babba zan rubuta.

Tana aure a Tungan Bawa, can ciki da hanyar Auna. Wannan ne ciki na uku. Biyun farko ba su zauna ba, na biyun kwana ɗaya bayan ta hau mashin a wannan hanyar. Likita ya ce duk Talata ta zo awo, kuma ko da wasa kada ta sake hawa mashin. Na ce ta dawo gida ta zauna. Ta ce wa za ta bar wa tsohuwa? Surukarta ba ta gani, mijin kuma yana gona a Zugurma sai an yi girbi.

Saura motar nan da ke shiga Tungar. Ita ce kaɗai.

Talata, 5 ga Agusta

Na je tasha tun takwas na zauna ƙarƙashin ɗurumi. Doguwar bas ce ta majalisar ƙaramar hukuma, su ke zuba mata mai, shi ya sa kuɗinta bai kai rabin rabin na mashin ba. Mata sun sa mata suna Mai Haƙuri saboda yadda Malam Maikano direba ke lallaɓa ta. In ta shigo tasha sai ka ce babbar mace ce ta shigo gidan biki, ba ta sauri don kowa.

Yau akwai farar takarda manne a gilashinta. Da can sai in nemi wanda zai karanta min. Yau na matsa da kaina, na sa yatsa ina bi.

Daga 30 ga Satumba wannan mota za ta daina bin wannan hanya, saboda ƙarancin fasinja da ƙarancin kuɗin tallafi.

Sau uku na karanta, ko na yi kuskure. Ban yi ba. Shekara biyu ina jiran ranar da zan karanta takardar hukuma ba tare da kowa ba, ga abin da ta ce.

Ƙarancin fasinja. Na ɗaga kai, mata na ta sauka kamar an kwance bakin buhu, wata da kaji, wata da ƙwaryar nono, wata ma a kan buhun gyaɗa ta zo don babu kujera. Babba ce ta ƙarshe, Madam Priscilla kwandasta na riƙe da hannunta.

Watan haihuwarta Nuwamba. Ban gaya mata na karanta ba. Ita ma ba ta ce komai ba, kuma na san ta gani, ta yi sakandare.

Laraba, 6 ga Agusta

Satumba, Oktoba, Nuwamba. Ko ta ina na juya shi, motar na tsayawa kafin ita.

Juma'a, 8 ga Agusta

Na tare Madam Priscilla tana shan kunu a bakin tasha. 'Yar Rijau ce, Hausarta da sauri, dariyarta da sauri. Na ce mata wane irin ƙarancin fasinja?

Ta ce, "Maman Lukuman, ni ma tambayar da nake yi ke nan. Ƙafata ko wurin ajiyewa ba ta samu a motar nan. Jiya agwagwa ce ta zauna a cinyata tun daga Tunga."

Ba ta san komai ba. Ta ce ita dai duk ƙarshen wata tana miƙa rajista a ofis.

Talata, 12 ga Agusta

Yau sun bar ni na shiga ɗakin hoton ciki.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Nas ta shafa mata wani mai a ciki ta ɗora wani abu kamar dutsen guga ƙarami, sai allo ya kawo duhu da fari suna motsi kamar hadari. Ban ga komai ba. Ta ce ga kai, ga kashin baya. Kashin baya kamar carbi. Sai wani abu ya ɗaga, ta ce hannu ne. Yatsu biyar, na ƙirga.

Sannan ta murɗa wani wuri, ɗakin ya cika da sauti, kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya. Zuciyarsa ce. Ta fi tawa sauri.

Na haifi bakwai, uku suka rayu, ban taɓa sanin haka suke a ciki ba. Ashe duk lokacin da nake daka da ɗebo ruwa akwai wannan luguden a jikina ban ji ba. Allah mai iko.

Babba ta juyo ta dube ni, ni kuwa na kawar da kai wajen taga. Uwa ba ta zuba wa 'yar fari ido a gaban mutane. Amma na so.

Likita ya ce bakin mahaifar na riƙe, a ci gaba da zuwa, kada a tsallake ko Talata ɗaya.

Alhamis, 14 ga Agusta

Lukuman ya tambayi masu ƙananan motoci. Da damina ba sa shiga Tungan Bawa, ƙasan motarsu na dukan dutse. Wanda ya yarda ya faɗi kuɗin da ba zan rubuta ba.

Ɗan akuyar ya miƙe.

Talata, 19 ga Agusta

Na ce bari in bi motar tun daga fitarta in ga abin da ofis ya gani wanda ni ban gani ba. Bayan sallar asuba na shiga, ni da Malam Maikano da Madam da wasu malaman firamare biyu.

Shekara nawa rabona da in fita gari da safe. Da muka bar kwalta, duniya ta buɗe. Masara ta fi mutum tsawo, shinkafa a fadama kore shar har inda ido ya ƙare, hazo kwance a kanta, balbelu fari fat suna tashi. Na riƙe ƙarfen kujera ina salati a zuci. Duk wannan yana nan kullum, ko an duba ko ba a duba ba.

Malam Maikano ya san kowane rami. Tun daga nesa zai rage gudu, ya sa taya ɗaya, ya jira, ya sa ɗayar. Na ce masa sannu da aiki. Ya ce, "Hajiya, a dawowa akwai masu ciki huɗu da ƙwai tire shida. Ban san wanda zan fi shan faɗa a kansa ba."

A Tunga mutane sun cika gindin tsamiya. Madam ta tsaya a ƙofa da babban littafi, kowa sai an rubuta shi kafin ya hau. Na leƙa. Gurbi uku ne: suna, sunan miji ga matar aure ko na uba ga namiji, inda za a sauka.

Maza na faɗa su wuce. Da aka zo kan mata sai na ji:

"Suna?"

"Hafsatu."

"Sunan miji?"

Hafsatu ta ja mayafi ta rufe baki. Na baya suka fara dariya. Madam ta ja ɗan layi a gurbin ta ce wuce. Ta gaba ta ce, "Maigidan dai." Ta gaba ta ce, "Kin san shi ai, mai jan keken nan." Wata tsohuwa, Goggo Jawahir, ta ce, "Shekara hamsin ban faɗa ba, sai yau don zan sayar da daddawa?"

Wata mai suna Cecilia ce kaɗai ta ce, "Prince. Rubuta da manyan baƙi, ko ya ji kunya ya tashi daga barci."

Babba ta faɗi nata sunan a hankali, na toshe kunnena da kallon waje, gurbin mijin kuma aka ja layi. Ni ma da aka zo kaina, layi. Ban ga laifin kowa ba. Ni ma dariya na yi.

Alhamis, 21 ga Agusta

Malama Shamsiyya ta raka ni ofishin majalisa. Ban taɓa shiga ba. Na cire takalmi a ƙofa, ta ce in mayar.

Jami'in da ke kula da motoci mutum ne mai natsuwa, ya ba mu kujera. Ya ce kuɗin tallafi ya ragu, dole a yanke hanyoyin da ba su da mutane. Ya juyo mana da kwamfuta. Hanyar Tungan Bawa, mutum bakwai a rana. Wata rana tara.

Na ce ranka ya daɗe, shekaranjiya na shiga motar nan, mun fi hamsin.

Ya aika aka kawo rajistar watan jiya. Ya buɗe. Shafi bayan shafi cike da sunayen mata, gefen kowanne ɗan layin Madam. Ya daɗe yana kallo. Ya ce tun bara da aka koma shigar da rajista a na'ura, duk layin da ke da gurbi ba ta karɓarsa. Yaran da ke shigarwa tsallakewa suke yi. Maza kaɗai take ƙirgawa, da irin su Cecilia.

Ya ce, "Me ya sa ba sa faɗin sunan mazajensu?" Sai kuma ya rufe rajistar. Ina jin ya tuna tasa uwar.

A hanya na'urar nan nake ta tunani. Akwati ne ƙarami a kan tebur, bai taɓa ganin Tunga ba, amma ya shafe mata arba'in daga cikin mota suna zaune. Kuma da hannunmu muka ba shi.

Juma'a, 22 ga Agusta

Kunyar da aka koya mana don gida ya zauna lafiya. Yau ita za ta sa 'yata a kan mashin.

Ban ce kunya laifi ce ba. Ban san abin da nake cewa ba.

Talata, 26 ga Agusta

Na sake bin motar da asuba. Na gaya wa Madam komai. Ta dafe kai ta ce shekara guda tana jan layin nan da hannunta.

A gindin tsamiya ta hau matakalar mota ta yi musu bayani da Hausa, ta maimaita da Kambarci. Ta ce yau wadda ba ta faɗi sunan miji ba, a wurin ofis ba ta hau ba. Hafsatu ce a gaba. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce a bari ta tafi da ƙafa.

Sai Goggo Jawahir ta turo kwandonta gaba ta ce, "Wai sunan mijin Hafsatu ake nema? Ɗanjuma ne. Ɗanjuma mai rowar goro. Ni ba mijina ba ne, in faɗa sau goma."

Hafsatu ta rufe fuska. Can daga cikin mayafi muka ji ta ce, "Na Goggo kuma Audu Gajere."

Goggo ta ce, "Gajeren a ina kika auna shi, 'yar nema?"

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Kowace mace ta kama hannun maƙwabciyarta suka zo biyu biyu. Wannan ta faɗi na waccan, waccan ta faɗi na wannan, mai mijin na kallon sama kamar ba da ita ake ba. Sunaye na ta tashi a gindin tsamiyar, mazajen garin kaf, masu rai da waɗanda suka rasu, da laƙabinsu. Maza biyu da ke jiran mota suka koma bayan itace. Madam na rubutu tana share hawayen dariya, tana cewa a bar laƙabin, gurbin ba zai ɗauka ba.

Babu wadda ta karya abin da uwarta ta koya mata. Kuma babu gurbin da ya saura. Wa ya koya musu wannan? Babu taro, babu shawara. Na tsaya riƙe da jakata ina kallonsu kamar yadda na kalli allon asibiti.

Cecilia ta faɗi na mijin Babba. Nawa kuma Babba ce ta karɓi biron ta rubuta sunan babanta, ba ta dube ni ba.

Hamsin da uku.

Malam Maikano ya ce yau ya san duk wanda ake gulmarsa a Tunga.

Talata, 2 ga Satumba

Hamsin da ɗaya. Awo lafiya. Biron Madam ya ƙare, na ba ta nawa na ajiya.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na koma ofis da murnata. Jami'in ya ce ya ga sabbin shafukan, shi ya yarda. Amma daga bakwai zuwa hamsin cikin mako biyu, 'yan kwamiti za su ce cika littafi aka yi don a ceci aikin direba. Kwamitin zai zauna Talata 23 ga wata da azahar. Ya ce a samu mutum ɗaya daga masu hawa ya kawo wasiƙa ya karanta a gabansu, ya faɗi wanda rashin motar zai cutar, da cikakken suna kamar yadda yake a katin asibiti, don su iya bincikawa.

Na ce Malama za ta karanta. Ya ce Malama ba ta hawa motar.

Na ce Babba. Malama ta ce mai cikin wata bakwai da likita ya hana tsayuwa?

Asabar, 13 ga Satumba

Matan Tunga sun aiko Madam. Wai ni. Wai ni ce na karanta takardar gilashi, ni na gano inda matsalar take, ni zan shiga.

Na ƙona miya.

Litinin, 15 ga Satumba

Na fara wasiƙar. Sau huɗu ina yagewa. Na rubuta yadda motar take, da ramukan, da rajistar, da dabarar Goggo. Na rubuta cewa ina da 'ya mai ciki wadda ta yi ɓari biyu. Da na zo wurin suna na bar fili.

Na kai wa Malama bayan la'asar na ce ta cike min. Ta karanta har ƙarshe, ta gyara min kalma uku, ta miƙo min. Ta ce, "Maman Lukuman, kin ga abin da gurbi ya jawo, kuma ki kawo min wani gurbin?"

Na ce to ta rubuta kawai. Ta ce ko ta rubuta, wa zai karanta ranar Talata?

Ban yi tunanin wannan ba. Wallahi ban yi ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Na tambayi maigida yana gyara rediyonsa. Na ce in mutum ya rubuta suna, ya faɗa ke nan? Ya ce wane suna? Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Ni na raɗa mata shi a kunne, ke kika sha wahalarta. Ban ga wanda zai kai ki ƙara ba."

Ba ƙara nake tsoro ba. Inna ta rasu ba ta taɓa kiran Yaya ba, ko a ciwon ajalinta "ke" ta ce mata. Kuma babu wanda ya kai Yaya a zuciyarta, kowa ya sani. Haka muke nuna abin. Wanda ka fi so shi kake ɓoyewa. In na faɗa a gaban baƙi, kamar na fitar da abin cikin ɗaki na shanya a titi.

Asabar, 20 ga Satumba

Na rubuta. Baƙi shida ne kacal. Shekara ashirin da huɗu ina kewaye su, ashe ko rabin yatsana ba su kai ba a takarda.

Na daɗe ina kallonsu. Suna da kyau. Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin Alƙur'ani.

A nan ba sai na sake ba.

Talata, 23 ga Satumba

In ban rubuta yau ba zan manta yadda aka yi.

Bayan awo, Malam Maikano ya kawo motar har ƙofar majalisa. Na zaci ni da Malama za mu shiga. Sai ga matan Tunga suna sauka da kwandunansu da ragowar abin da ba su sayar ba. Mai gadi ya ce ba wuri. Goggo Jawahir ta ce, "Ɗana, mu bakwai ne kawai, tambayi na'urarku." Ya matsa.

Ɗakin da sanyi, dogon tebur, mutum takwas a bayanta. Mata suka zauna a ƙasa har bakin ƙofa. An ba Babba kujera can baya.

Na miƙe. Baƙaƙen suka riƙa yawo a takardar. Na sa yatsa kamar yadda nake yi a aji, na fara. Muryata kamar ta wata. Na karanta wurin ramuka, wani ya gyaɗa kai. Na karanta wurin sunayen mazaje, shugaban ya rufe baki da hannu, na ga kafaɗarsa na motsi. Ya tambayi matan ko gaskiya ne. Hafsatu ta nuna Goggo ta ce, "Audu Gajere." Goggo ta ce za su haɗu a mota.

Sai na zo wurin. Na gan shi tun saura layi biyu, yana jirana. Na karanta, ina da 'ya, ta yi ɓari biyu, likita ya hana ta mashin, sunanta.

Na tsaya. Fanka na juyawa. Matan duk sun san abin da ya tsayar da ni, babu wadda ta yi motsi. Na ji Cecilia ta ja numfashi za ta faɗa min, kamar yadda aka saba a gindin tsamiya. Goggo ta dafa mata gwiwa.

Na tuna luguden nan na asibiti. Na faɗa.

Daga can baya, kafin in kai ga sunan babanta, aka ce, "Na'am, Umma."

Ba da niyya ta yi ba. Ta ji an kira ta ne ta amsa. Da na juya ta sa hannu biyu a baki, idonta ya cika. Wannan karon ban kawar da kai ba. Ashe tana da ɗan tabo a gefen gira, ban san yaushe ta samu ba.

Ban san yadda na ƙarasa wasiƙar ba. Sunan babanta Malama ce ta faɗa, wannan kam ba yau ba. Shugaban ya karɓi katin asibitin ya duba ya mayar. Ya ce za su duba, kuɗi ne babu, ba mugunta ba.

A mota babu wadda ta tsokane ni. Goggo ta ɓare goro ta ba ni rabi.

Talata, 30 ga Satumba

Ranar ƙarshe. Babu amsa. Malam Maikano ya wanke motar tas har tayoyi. Madam ta cike rajista, hamsin da shida, babu gurbi ko ɗaya.

Da za su tafi na riƙe hannun yarinyar tawa ta taga.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Tasha babu ita. Wurin da take tsayawa mai lemo ya kafa tebur.

Lukuman ya ce zai aro motar wani ya gwada shiga Tunga ranar Talata, in ta maƙale su tura. Na tuna duwatsun hanyar. Na kasa cin abinci.

Talata, 7 ga Oktoba

Motar da Lukuman zai aro ba ta tashi ba. Na tafi tasha don ban san inda zan je ba. Na zauna ƙarƙashin ɗurumi. Takwas. Takwas da rabi. Duk mashin da ya shigo da mace a baya sai in leƙa fuskarta, kada ta gaji da jira ta hau.

Tara ta wuce, mai lemo ya fara janye teburinsa. Na ɗaga kai.

Tana shigowa a hankali, laka har gilashi, kaji na leƙe ta taga. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar motar nan ba. Na miƙe tsaye kamar yadda ake yi wa babba.

Jiya da yamma aka kira Malam Maikano. Akwai sabuwar takarda a gilashi, na karanta sau ɗaya ya ishe ni. Talata da Juma'a kaɗai, zuwa ƙarshen Disamba, sannan a sake dubawa. Sauran kwanakin an yanke. Malaman firamaren nan biyu ban san yadda za su yi ba, da masu nono na kullum. Madam ta ce an kuma cire layin sunan miji, yanzu suna da gari kawai. Goggo wai ta ce an rage mata jin daɗin tafiya.

Disamba ta wuce Nuwamba. Na juya shi ta kowane gefe, ta wuce.

Awo lafiya. Kan jaririn ya juya ƙasa.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Maigida lafiya, gwiwa ta yi sauƙi tunda ruwa ya ja baya. Lukuman lafiya. Ruka lafiya, sai surutu. 'Yan akuya sun fara cin dusa. Nafisa ƙafa ta ɗan kumbura, nas ta ce ba komai, ta riƙa ɗora ta a kan matashi.

Malama ta ce a Disamba sai an sake wata wasiƙar, saboda sauran kwanakin. Na ce to. Na sayi sabon biro.

Na share ɗakin baya, na sa katifa biyu. Wayarsu ba ta kamawa a Tunga, don haka na rubuta takarda, Madam za ta kai ranar Talata. Zan iya gaya mata a asibiti, amma so nake ta karanta wa tsohuwa. Na kwafe ta nan don in ga ko akwai kuskure.

Nafisa, ina gaishe ki, ina gaida tsohuwa. Likita ya ce makonnin ƙarshe ki kasance kusa da asibiti. Ki taho da tsohuwa gaba ɗaya, ɗaki ya ishe ku, ni zan riƙa kai ta alwala. Ki gaya wa mijinki babanki ya yarda. Malam Maikano ya ce zai ajiye muku kujerar gaba ranar Talata 21 ga wata. Kada ki ɗauki kaya mai nauyi, Cecilia za ta ɗauka. Ki ba Madam amsa da hannunki ranar Juma'a 17, don in san yawan gero da zan kai niƙa. Ki rubuta da manyan baƙi, ni zan karanta da kaina.

Ummanki.